Tun Ran Gini Ran Zane: Tarihin Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Jama'a, duk wanda ya taɓa ratsa ƙauyukan ƙasar Birnin Kudu ko ta Gwaram da damina ya san abin da yara ƙanana kan yi a bakin kududdufi in ruwa ya ɗauke. Sai ka tarar sun yi zobe, kowa da curin laka a gabansa, wannan yana gina sa mai tozo, wancan yana gina doki, 'yan mata kuwa suna ta gina 'yan tukwane da 'yan kasake na wasa. Ba mai tambayar wani ko ya iya. In ƙafar sa ta karye, sai a murje shi a sake wani. Amma ka dawo bayan shekara biyar ko shida, ka sami yaran nan a ajin ƙarshe na makarantar firamare, ka miƙa musu yumɓu ka ce kowa ya gina abin da ya ga dama. Sai ka ga an sunkuyar da kai, ana satar kallon juna, ana jiran wanda zai fara a yi masa dariya. Hannu yana nan lafiya lau, ƙarfi ma ya ƙaru. Ƙarfin zuciya ne ya ragu.

Malamai sun daɗe da lura da wannan al'amari, har ma a ƙasashen waje. Wani malami mai suna Viktor Lowenfeld, haifaffen ƙasar Ostiriya wanda ya koyar a Amurka, ya fitar da littafi cikin shekarar 1947 a kan yadda zanen yara ke sakewa bisa ga shekarunsu. Ya nuna cewa daga wajen shekara 9 zuwa 12 yaro yakan soma gwada abin da ya yi da ainihin abin da idonsa ke gani, ya soma ganin aibun aikinsa, har da yawa su daina gaba ɗaya. To, ko lalle ne haka ta faru ga kowane yaro? Tarihin wata mata da aka haifa a Arewacin Nijeriya, wadda hotonta ke cikin aljihun kusan kowa a ƙasar nan, ya isa ya ba mu amsa. Sunanta Ladi Kwali.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwari. Yanzu Kwali tana cikin yankin Babban Birnin Tarayya, amma a zamanin nan ƙaramin gari ne na manoma. Sunan da aka san ta da shi irin namu ne na gida: Ladi sunan rana ne na wadda aka haifa ran Lahadi, sa'an nan aka haɗa mata da sunan garinsu.

A ƙasarsu ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma ba a makaranta ake koyonta ba. Ladi ba ta yi karatun boko ba. Tun tana yarinya ƙarama ta soma koyon gini a hannun wata uwarta, 'yar'uwar mahaifanta, kamar yadda 'yan matan ƙasar suka saba. Yarinya takan fara da ɗebo yumɓu da ruwa, da tsince tsakuwa, da kwaɓawa, da tara itace da ciyawar gashi. Tana wannan hidima idonta yana kan hannun manya, har ran da za a miƙa mata curi a ce ta gwada.

Ya kamata mu tsaya mu dubi yadda ginin nan yake, don mu san girman abin da ta koya. Maginiya ba ta da injin juyi ko wani ma'auni. Takan ajiye curin yumɓu a ƙasa ko a kan wani abu mai ɗan tudu, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta dinga jawo gefensa sama. Sa'an nan ta murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, ta dinga ɗorawa a bakin tana lailayewa, wani bisa wani. Tun da tukunyar ba ta juyawa, maginiyar ce ke kewaya ta a sunkuye, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har cikin ya buɗe, wuya ya tsuke, baki ya fito. Da ido da tafin hannu kaɗai ake daidaita da'irar, amma in gwana ta gama sai ka rantse da awo aka yi.

Kafin yumɓun ya bushe ake yin ado. Akan mirgina murɗaɗɗen zare ko ɗan icce mai tsage-tsage a jikin tulun ya bar layuka, sa'an nan a sa tsinke ko wuƙa a zana abin da aka ga dama. In ya sha iska ya bushe, sai a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Nan ne asalin karin maganar da muke yi kullum, tun ran gini ran zane, gama in ƙasa ta bushe, tsinke ba ya kama ta.

Ladi ta yi fice tun tana budurwa. Tulunanta da randunanta sun fita dabam saboda daidaiton sifarsu da kyan zanensu. Takan raba jikin tulu gida-gida da layuka, a cikin kowane gida ta zana wata halitta ta dajin ƙasarsu: kunama, ko ƙadangare, ko kada, ko hawainiya, ko maciji, ko kifi, ko tsuntsu. Sunanta ya bazu a ƙasar, har manyan mutane suka dinga sayen kayanta don ado.

Sarkin Abuja da Baturen tukwane

Daga cikin waɗanda suka ga darajar aikinta akwai Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa, wadda aka sake wa suna Suleja bayan da Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiri sabon babban birni cikin 1976 ta ɗauki sunan. Sarki Sulaimanu ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin malanta kafin ya hau gadon sarauta. Shi ne ya sayi tukwanen Ladi ya jera su a fadarsa, alhali a lokacin mutane da yawa ba su ɗauki tulu a bakin kome ba sai abin ɗebo ruwa.

Cikin shekarar 1950 Gwamnati ta ɗauki wani Bature mai suna Michael Cardew aikin jami'in kula da sana'ar tukwane, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu. Mutumin nan, wanda aka haifa a 1901, sanannen magini ne a Ingila. Ya koyi sana'a a hannun Bernard Leach, ya kuma yi aiki a ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, tun daga 1942. Aka sa shi ya zaga ƙasa ya duba yadda za a kyautata sana'ar. A cikin rangadin nan ne ya iso Abuja, ya ga tukwanen Ladi a fadar Sarki, suka ƙayatar da shi matuƙa.

Ya ba da shawara a kafa makarantar koyon ginin tangaran a Abuja, domin akwai yumɓu mai kyau, da ruwa, da itace, ga gwanayen magina a kewaye, ga kuma Sarki mai goyon baya. Aka soma aiki cikin 1951, aka buɗe wurin cikin 1952. Nufin Gwamnati shi ne a dinga yin kofuna da farantai da butocin shayi a gida, maimakon a dogara ga na ƙasashen waje. Ɗaliban farko duk maza ne.

Gwana ta koma ɗaliba

Cikin shekarar 1954 Ladi ta shiga makarantar nan, ita ce mace ta farko. A nan ne ya kamata mai karatu ya yi tunani. Shekarunta sun kusa 30, ta riga ta yi suna, har Sarki ya san da ita. Ga shi kuwa za ta shiga cikin maza, a wurin da Bature ke shugabanci, ta zauna a gaban faifan juyi wanda ake tokarawa da ƙafa, abin da hannunta bai taɓa sani ba. A kan faifan nan tukunya ce ke juyawa, magini yana zaune wuri ɗaya, watau akasin abin da ta saba tun tana yarinya. Duk wanda ya fara shi, sai yumɓu ya sha karkace masa ya zube. Manya da yawa, in sun yi suna a kan abu guda, tsoron kunya kan hana su taɓa sabo. Ita kuwa ta yarda ta koma farko, ta tabbatar da cewa gemu ba ya hana ilmi.

Ta koyi juyi har ta gwanance. Ta koyi haɗa ruwan ƙyalli, watau shafen garin duwatsu da toka wanda ke narkewa cikin wuta ya zama kamar gilashi a jikin kwano. Ta koyi jera kaya a cikin tanderu da gashinsu. Bambancin gashin nan da na gida babba ne. Wutar fili ba ta cika wuce digiri 800 a ma'aunin zafi ba, amma tanderun tangaran yakan haura digiri 1,200, har ƙasar ta haɗe ta yi tauri kamar dutse. Ta yi kwanoni da kofuna da farantai da butoci, tana zana musu halittun nan nata ta hanyar karce farin shafe har launin da ke ƙarƙashi ya bayyana.

Duk da haka ba ta saki ginin gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu kamar yadda aka koya mata a Kwali, sai dai yanzu da yumɓun tangaran. Takan cike zanen da farar ƙasa, a shafa ruwan ƙyalli a kai, a gasa a tanderu, zanen ya fito fili ta ƙarƙashin ƙyallin. Waɗannan tuluna su ne suka kai sunanta duniya. A gindin kayanta akan buga hatimi biyu: haruffan sunanta na boko, LK, da kuma sunan Abuja cikin rubutun Larabci.

Gaskiya ta wajaba a faɗe ta: sabon tulun ya sami wani abu, ya kuma rasa wani. Tulun gida yana sanyaya ruwa ne domin jikinsa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa kan tsattsafo ta nan, iska ta busar da shi, zafi ya tafi tare da shi. Ruwan ƙyalli da wuta mai tsanani sun toshe ƙofofin nan, saboda haka tulun tangaran ba ya sanyaya ruwa. Ga shi da nauyi, ga tsada, matar ƙauye ba za ta ɗora shi a ka ta tafi rafi ba. Sai ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan ado na masu hali da gidajen ajiye kayan tarihi. Wannan darasi ne ga duk ma'aikacin da aka ɗora wa kyautata wata sana'ar gargajiya, ya fara tambayar amfanin da abin ke yi wa masu shi kafin ya sake masa kama.

Shigarta ta buɗe wa waɗansu mata hanya. Bayanta aka ɗauki Halima Audu, da Asibi Ido, da Lami Toto, da Kande Ushafa, suka dinga gina manyan tuluna da hannu a wani ɗaki na musamman da ake kira Ɗakin Gwari. Cardew ya bar aiki cikin 1965, wani Bature mai suna Michael O'Brien ya gaje shi, Ladi kuwa ta ci gaba da zama ginshiƙin wurin.

Daga Kwali zuwa Landan

An nuna kayan Abuja a wani gidan nuni da ake kira Berkeley Galleries a birnin Landan cikin 1958, da 1959, da 1962, kuma tulunan Ladi ne suka fi jan hankalin masu kallo. A farkon shekarun 1960 ita da kanta ta tafi Ingila, ta yi gini a gaban ɗalibai da malaman makarantun fasaha. Ta yi irin wannan a Faransa da Jamus. Cikin 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew, suna bin makarantu da jami'o'i.

A dubi wannan da kyau. Mace ce wadda ba ta zauna a aji ba, aka tsayar da ita a gaban ɗaruruwan baƙi masu ilmi, a ƙasar da ba tata ba, aka ajiye mata curin yumɓu a ƙasa. Ba abin da za ta fake da shi, in tulu ya karkace kowa zai gani. Sai ta sunkuya ta kama kewayawa yadda ta saba, mutane suna kallo har tulu ya tashi ya tsaya. Wannan natsuwa ba a Landan ta same ta ba, ba kuwa a makarantar Abuja ba. Tun daga tsakar gida a Kwali ta taho da ita, inda hannunta ya maimaita aikin nan sau dubbai kafin ta san mene ne jin kunyar kuskure.

Ta kuma koyar da wasu. A tsakiyar shekarun 1970 wata ɗaliba haifaffiyar Kenya mai suna Magdalene Odundo ta zo Abuja daga Ingila, ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da abokan aikinta. Daga baya ta zama ɗaya daga cikin mashahuran magina na duniya. Ashe ilmin da wata uwa ta ba yarinya a Kwali ya ƙetare teku ya haifi wani.

Girmamawa da rasuwarta

A farkon shekarun 1960 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta M.B.E. Cikin 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, shi ya sa ake ce mata Dakta Ladi Kwali. Cikin 1980 Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa wadda ake keɓe wa waɗanda suka yi fice wajen ilmi da fasaha, sa'an nan cikin 1981 aka ƙara mata da lambar O.O.N. A farkon shekarun 1980 aka sa wa makarantar Abuja sunanta.

Ta rasu a Minna ran 12 ga watan Agusta, 1984, shekara guda bayan rasuwar Cardew. Akwai titi mai sunanta a sabuwar Abuja. Kayanta suna ajiye a manyan gidajen tarihi, kamar na Victoria da Albert a Landan da na Smithsonian a birnin Washington. Tun daga 2007 hotonta yana bayan takardar naira 20, tana cikin aikinta, Janar Murtala Muhammed yana gaba. Amma bayan rasuwarta aikin makarantar ya yi ta ja da baya, kuma a kasuwanninmu kayan roba da na ƙarfe sun ture tulu da tukunya gefe. Saboda haka gidajen da yarinya za ta tashi ta tarar ana gini, kamar yadda Ladi ta tarar, sai raguwa suke yi.

Abin da malamai za su ɗauka

Mu koma inda muka faro, ga yaran bakin kududdufi. In gida ya daina koyar da aikin hannu, nauyin ya komo kan makaranta, kuma tarihin matar nan ya nuna abubuwa uku da malami zai riƙe.

Na farko, a fara da wuri. Yaro ɗan shekara 6 ko 7 ba ya bukatar a roƙe shi ya taɓa yumɓu, yana bukatar a ba shi dama ne kawai, sau da yawa. In hannunsa ya saba kafin shekarun jin kunya su zo, sa'ad da idonsa ya soma ganin aibu zai tarar hannunsa ya iya gyara. Wanda aka hana sai ya girma, idonsa kan riga hannunsa, ya ga kuskure ya kasa gyarawa, ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da baiwa.

Na biyu, manyan yara a ba su aiki na gaskiya da dabara ta gaskiya. Ɗan shekara 12 ba ya gamsuwa da a ce masa ya yi kyau, domin shi ma yana da ido. A nuna masa yadda ake tsince yumɓu, da yadda ake haɗa shi da dakakken tsingaro don kada ya tsage, da dalilin da ya sa ake shanya tukunya a inuwa, da abin da kan sa ta fashe a wuta. A sa shi ya gina asusu ko kasko ko tukunyar shuka da za a yi amfani da ita. In akwai magini ko maginiya a garin, malami ya je da ladabi ya gayyato su aji, gama da ɗan gari akan ci gari. Kuma kada malami ya ji nauyin zama ya ɓata hannunsa da laka a gaban ɗalibansa. In sun ga tukunyarsa ta rushe ya sake ta ba tare da fushi ba, sun koyi abin da ya fi tukunyar.

Na uku, a daraja aikin a fili. Da Sarkin Abuja bai jera tukwanen nan a fadarsa ba, da wataƙila Cardew ya wuce bai san da Ladi ba. Shugaban makaranta da ya keɓe kanta guda a ofishinsa don kayan da yara suka gina, ko hakimin da ya tsaya ya duba su ran rabon sakamako, ko akawun da ya sa ɗan kuɗin aikin hannu cikin kasafi maimakon ya soke shi, kowannensu ya yi irin aikin Sarkin nan gwargwadon ikonsa. Haka nan a tsawata wa masu yi wa sana'ar kallon raini, domin dariya ɗaya takan kashe zuciyar yaro shekara da shekaru.

Mutanen Birnin Kudu ba baƙi ba ne ga wannan fasaha. A jikin duwatsun da ke kewaye da garin akwai tsoffin zane-zanen shanu da mutanen da suka yi, waɗanda Bernard Fagg na gidan tarihin Jos ya bincika cikin shekarun 1950, ya sanar da duniya labarinsu. Hannun da ya zana shanun nan, da na yaron da ke gina sa a bakin kududdufi, da na Ladi mai zana kada a jikin tulu, duk sha'awa ɗaya ce ta motsa su. Yumɓu kuwa yana nan a fadamu da bakin rafuka, ba a sayensa da tsada. Abin da ke wucewa ba ya dawowa shi ne shekarun nan kaɗan da yaro ke miƙa hannu ba tare da tsoro ba. Malamai, a yi zanen tun ƙasa tana ɗanya.